Ga masu zuwa Paris daga Maraɗi

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda Allah ya kai Paris, ya daure ya leƙa mashigin ruwan Saint-Martin, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gare de l'Est. Tun 1825 aka buɗe shi, da matakalar ruwa 9, wato wurare masu ƙofofi inda ake ɗaga jirgin ruwa ko a sauke shi. Ku hau gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, daga nan ake gani sosai: jirgi ya shiga, a rufe ƙofofi, ruwa ya riƙa tasowa yana ɗaga shi sannu a hankali.

Don Allah ku riƙe hannun yara, bakin ruwan ba ko'ina ke da shinge ba. Famfo da wurin wankan da ke tashar jiragen ruwa ta Arsenal, a ƙarshen mashigin, kuwa na masu jirage ne, ku yi alwalarku tun daga masauki.