Kurakuran masu yawon kwalekwale a gaɓar Kosika a farkon kaka

Masu wayo kan jira Satumba kafin su je Kosika, tsibirin Faransa da ke Bahar Rum, domin a lokacin cunkoson Agusta ya watse, kuɗin haya ya sauko, ruwa kuma yana nan da ɗuminsa. Amma ɗumin nan shi ne tarkon. Teku ta sha rana wata uku, da zarar iska mai sanyi ta gangaro daga arewa ta hau kanta, sai hadari ya haɗu kafin ka ankara.

Shi ya sa kuskuren da ya fi kowanne shi ne mutum ya leƙa taga da safe, ya ga sama garau, ya ce yau ranar fita ce. Ka karanta hasashen teku na Météo-France, hukumar yanayi ta Faransa, da daddare, ka sake dubawa da safe, kuma kada ka tsaya kan ƙarfin iska kawai, duba ta inda za ta taso. In daga yamma ce, wato libeciyo ta kudu maso yamma ko mistiral ta arewa maso yamma, gaɓar yamma ba wurin zuwa ba ce ranar. A gaɓar nan, tsakanin garuruwan Kalbi da Porto jajayen duwatsu ne a tsaye cikin ruwa, kyau kamar me, mafaka kuwa ƙalilan. Guguwar 18 ga Agusta 2022 da safe ta afka wa wannan ɓangaren da iskar da ta haura kilomita 200 a awa, mutum biyar suka rasu a tsibirin.

A kudu kuma akwai mashigin Bonifasiyo, kimanin kilomita 12 tsakanin Kosika da tsibirin Sardiniya. Iska kan matsu a wurin ta ƙara ƙarfi, ga duwatsu a ɓoye ƙarƙashin ruwa. Baƙo kan shagala da kallon gidajen garin Bonifasiyo da ke maƙale a kan farin dutse, ya manta da taswira. A tsibiran Labezi na wannan mashigi ne jirgin yaƙin Faransa Sémillante ya tarwatse a Fabrairun 1855 da mutum kusan 700. Bi alamomin hanya, ka bar yanke.

Wani kuskuren kuma shi ne jefa anka, wato ƙugiyar tsayar da jirgi, a ko'ina. Leƙa ƙasan ruwan tukuna, ai garau yake: inda ya yi haske yashi ne, nan za ka saki. Inda ya yi duhu ciyawar posidoniya ce, wadda doka ta kare, kuma tana daɗewa ƙwarai kafin ta sake tofowa. Ban da haka ma anka ba ta kamawa sosai a cikinta, sai ka gama iyo ka ga kwalekwalenka ya ja baya da tulin ciyawa a ƙugiya. A gandun kare halittu na Iskandola, wanda aka keɓe tun 1975, dokokin sun fi tsauri, tambayi mai ba da haya kafin ka tashi.

Lissafin lokaci ma na ba mutane kunya. A Yuni rana kan kai ƙarfe tara ba ta faɗi ba, a ƙarshen Satumba kuwa bakwai da 'yan mintoci ta tafi. Man fetur ka kasa shi uku: na zuwa, na dawowa, na ko-ta-kwana, don wuraren shan mai a ƙananan tashoshi kan rage awannin aiki bayan hutu.

Game da doka, injin da ya wuce ƙarfin doki 6 sai da lasisi, kuma cikin mita 300 daga gaɓa ba a wuce gudun not 5, kusan kilomita 9 a awa. Rigar ceto a jiki ake sa ta, ba a ƙarƙashin kujera ba, musamman ga yara. In abu ya ɓaci, tasha ta 16 a rediyon jirgi, ko ka buga 196 a waya.