Yadda za ka gane halin da ɗan'uwanka ke ciki a Turai tun kahin ka buga mishi waya neman kuɗɗi

Kowace fada ka zamna garin Maradin nan, unguwar Zariya ko Ali Ɗan Soho ko Bagalam, da an ambaci wani da ya tahi Faransa ko Amurka sai ka ji an ce ai wane ya haye. To ya haye ina? Akwai talaka a can, talaka na gaske mai kwana da tunani, kuma da yawa cikin 'yan'uwanmu da munka ɗauka alhazzai ne cikin layin ga suke, kunya ce kawai ta hana su faɗi. Ga yadda za ka auna abin da kanka ba sai an gaya ma ba.

Da farko ka bar wanga lissahi na canji, shi ka ɓad da mu. Yuro guda sefa 655,957 ne, wato ɗari shida da hamsin da shida in an cike, kuma ba ya motsi tunda ɗaure yake da kuɗɗinmu. Albashi mahi ƙanƙanta a Faransa, wanda suke cewa SMIC, ƙarshen 2024 ya kai wajen yuro 1.426 abin da ke shiga hannu bayan an cire na gwamnati. Buga a waya ka gani, jika 935 ne, kusan miliyon, alhali mu nan namu mahi ƙanƙanta, SMIG, ya yi shekaru shina tsaye kan sefa 30.047 har zuwa 2023. Wa zai ga haka bai ce wane ya haye ba? Amma ka ji wannan: hukumar ƙididdigarsu INSEE ta ce a 2023 duk mutum ɗaya da ke samun ƙasa ga yuro 1.288 a wata talaka ne, kuma mutum miliyon 9,8 sunka faɗa ciki, kashi 15,4 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Wato mai samun jika 840 a wata sunanshi talaka can, kuma ba ba'a suke ba.

Saboda haka kada ka tambayi nawa yake samu, tambayi nawa ke saura ranar 10 ga wata. Ɗauki bik da kaye mu yi tare, misali ne kawai. Mu ce shina da 1.426 ɗin nan. Ɗaki guda a Pari ko kewayenta, ɗaki hwa ba gida ba, gado nan murhu nan makewayi nan, mu sa 750. Katin jirgin ƙasa da bis na wata, Navigo, yuro 88,80 ne a 2025, mai aiki patron ɗinshi na maido mishi rabi, to mu sa 45. Wuta da ɗumama ɗaki mu sa 80, don sanyin can ba irin hunturunmu ba ne da za ka hura kara ka ja bargo, in ba ka kunna na'urar ɗumi ba bango ma jiƙa yake shi yi baƙi. Abinci 280 in shina dahwa da kanshi, ba resto ba shawarma. Waya da asirans na ɗaki da na lahiya mu ce 60. Me ya rage? Wajen 210. Cikin wannan ɗin ne za shi sayi rigar sanyi da takalmi, shi biya tambur na sabunta takardu, shi aiko ma inna na hatsi, ga ƙanwa za a yi ma aure, ga kai kuma ka turo vokal kana cewa yaya babur ɗina ya lalace.

Kuma wanda na lissafa ma mai sa'a ne, shina da takardu da aiki cikakke. Samun ɗakin kanshi wani yaƙi ne, masu gida yawanci sai sun ga albashinka ya ninka kuɗɗin haya sau uku, su nemi takardun albashi na wata uku, su nemi wanda za shi tsaya ma, su karɓi na ajiya. Wa za shi tsaya ma baƙon da ya zo jiya? Shi ya sa za ka iske ƙarti huɗu biyar ɗaki guda, mai aikin dare na tashi daga katifa mai aikin rana na kwantawa.

Sai abu na biyu, kuma ni a ganina nan ne asalin bambancin. Talakan Maradi ba ya da kuɗɗi amma shina da mutane. In wata ya yi nisa mai kanti na unguwa za shi rubuta ma tiya biyu a kaye, mai gidan haya ka kai mishi gaisuwa da dattijo guda shi ɗaga ma wata biyu, yara su shiga maƙwabta su sha hura ba wanda za shi ƙirga ludayi, in abu ya yi tsanani akwai ƙauye akwai rumbun kawu. Can komai da ranarshi da lambarshi. Banki ke cire haya da wuta kai tsaye, in babu kuɗɗi cikin kwant sai su ɗora ma tara saboda babu, ka ji hwa, ana cajin mutum don ba ya da shi. Ba ka yi ma mashin magiya. A kanti in katinka ya ƙi, sai ka mai da madara da shinkahwa gaban layi, mutane na kallon agogo.

Ban ce babu taimako ba, akwai, kuma ya hi namu nesa ba kusa ba, gaskiya gaskiya ce. Makaranta kyauta, asibiti ba a ce ka kawo kuɗɗin sahu da allura kahin a taɓa ka, ruwa na zuwa pampo. Akwai RSA, kuɗɗin tallahi da gwamnati ke ba wanda ba ya da abin shiga, wajen yuro 646 a wata ga mutum ɗaya a 2025, sai dai baƙo irin namu sai ya yi shekara biyar da takardar zama mai izinin aiki kahin shi samu. Akwai Restos du Coeur da wani ɗan wasan barkwanci Coluche ya buɗe a 1985, suna raba abinci, ka je ka yi layi da jaka cikin sanyi tare da tsohi turawa da ɗalibbai. Akwai lamba 115 da maras wurin kwana ke kira, ka yi ta bugawa a ce ma wuri ya cika. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta hana a hidda mai haya waje, to ka tambayi kanka mi ya sa ƙasa mai arziki ta buƙaci irin wagga doka.

Amurka kuwa ba sai na daɗe ba, ta hi tsauri. Albashi mahi ƙanƙanta na tarayya dala 7,25 ne a awa tun 2009 bai motsa ba, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaga nasu. A 2023 mutum miliyon 36,8 ne gwamnati da kanta ta ƙirga talakawa, kuma a dare guda na Janairu 2024 an ƙirga sama da mutum 770.000 marasa gida. In ba ka da asirans, kwana guda a asibiti na iya bar ma bashin da za ka yi shekaru kana biya. Kuma don Allah ku bar ruɗuwa da hoton mota. A garuruwa irin su Greensboro inda 'yan Nijar ke da yawa, mota ba ado ba ce, ita ce ƙahwar mutum, babu kabu-kabu babu adaidaita, in ta lalace aiki ya tahi, kuma galibi bashi ce ana biya wata-wata.

To ta yaya za ka gane naka na cikin matsi tunda ba za shi faɗi ba? Duba lokacin da yake amsa saƙo, in kullum ƙarhe uku na dare ne ko asuba, aiki biyu yake. In ba ya son kiran bidiyo cikin ɗaki sai a titi ko bakin wani kanti mai haske, ka gane. In ya shekara shida bakwai bai zo gida ba har rasuwar baba ta wuce shi, kada ka ce ya manta da mu, sau da yawa takardu ne babu, in ya hita ba ya komawa. Shi wanga ma ya hi kowa wuya, aiki da sunan wani yake, wankin kwanoni ko gini ko kai abinci bisa keke cikin ruwa, in patron ya hana shi kuɗɗinshi tsoron zuwa wurin 'yan sanda yake.

In kuma dole sai ka roƙa, ai ɗan'uwa ne, ba laihi ba ne, amma a yi shi da tsari. Ku zamna gida ku hidda mutum guda mai magana da shi, ba inna ta kira yau, gobe ƙane, jibi ɗan kawu kowa da tashi matsalar. Ku ware abin da ba makawa, hatsi, magani, kuɗɗin lakwal, ku yanka adadi guda na wata wanda shi da bakinshi ya ce za shi iya, biki da anko da sabuwar waya kuwa a jira sai ya ce akwai. Ku tambayi ranar da albashinshi ke shiga da ranar da ake cire haya, kada a tsare shi tsakiyar wata. Aike ɗaya babba ya hi ƙanana biyar tunda kowane aike sai an cire na masu turawa. In ya ce a ajiye mishi wani abu, hili ne ko tumaki, a tura mishi hoton takardar da sunanshi a kai. Kuma ka tambaye shi ko ya shiga asusun ƙungiyar 'yan Nijar na garin da yake, in bai shiga ba ka matsa mishi shi shiga, don ranar ciwo ko rasuwa kuɗɗin maido gawa gida miliyoyi ne, kuma ku nan za a kira.