Shawara ga mai niyyar fid da tsohon jirgi daga ruwa

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masuntanmu na tabkin Madarumfa. In za ku jawo tsohon jirgi tudu don duba shi, ku fara kwance injin tun yana bakin ruwa. Na taɓa jan nawa da injin a maƙale, nauyin ya tsaga min katakon baya, har yau abin yana yi mini ciwo.

Ku shimfiɗa gungume jirgin ya mirgina a kai, kada a ja shi bisa tsakuwa. Kuma a inuwa za a aje shi, ranar Maradi tana busar da katako har ya buɗe baki.

Bayan an kankare gansakuka, ku bi gindin da 'yar guduma. Katako mai lafiya ƙararsa tsaf take, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Nan ku soka wuƙa, in ta shige a canza katakon, kwalta ba ta maganin ruɓa. A duba wajen ƙusoshi sosai, don can ruwa ke fara shiga.

Injin kuma a jingine shi tsaye. A cire farfela a duba ko zaren taru ya nannaɗe a bayanta, in man giyar injin ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga.