Kurakuran da muke yi wajen zuba wa tsohuwar tarakta mai, da yadda za a gyara

Duk shekara da an fara jin ƙamshin damina sai ka ga an jawo tsofaffin tantan daga gindin bishiya, an kaɗe ƙura, an aro batir, kwana biyu kuma ka ji mai ita yana cewa wai injin ya gaji. Wallahi yawancinsu ba gajiya suka yi ba, abin da muke ɗura musu ne ke kashe su. Massey Ferguson 135 ɗin nan da aka yi ta ƙerawa daga 1964 zuwa 1975 har yau tana huɗa a ƙauyukanmu, ga Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, ga Fiat ta Kano, ƙarfe ne na gaske, ba sa neman komai a wajenka illa mai mai tsabta wanda ba ruwa kuma bai kwana biyu ba.

Bari in fara da 'yan ƙalilan ɗin da ke shan fetur, irin ƙaramar Ferguson mai ruwan toka, TE20, wadda aka yi a Coventry ta Ingila tsakanin 1946 da 1956. Wasu na ganin tunda tsohuwa ce sai an lallaɓa ta da wannan maganin kwalba da ake cewa yana ƙara wa fetur ƙarfi. Asarar kuɗi ce kawai. Matsin injinta, wato yawan ninkin da fistan ke matse iska da mai, kusan 6 ne, motocin yanzu kuwa suna kai 10 ko fiye, to fetur ɗin gidan mai na yau da kullum ya ma fi ƙarfin abin da take buƙata. In kana jin ƙwanƙwasa a injin ka je ka duba taimin da filogi da baƙin da ya taru a kan fistan.

Akwai kuma irinta mai tanki biyu, ƙarami na fetur, babba na wani mai dangin kananzir. Ita wannan da fetur ake tayar da ita, sai injin ya yi zafi sosai sannan a juya zuwa babban tanki, in za a kashe kuma a mayar da ita fetur na 'yan mintoci. Wanda ya juya tun tana sanyi, man da bai ƙone ba zai gangara ya tsinka baƙin mai, a hankali a hankali ringin fistan da metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai su tafi.

Sai maganar dalma. Da can ana saka ta a fetur, tana kare mazaunin bawul, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina tun farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Mutane suna tsorata wai tsohon inji zai lalace in babu ita. A ganina abin bai kai haka ba, injin da ba ya wuce juyi 2000 a minti ɗaya ba ya cin mazaunin bawul da sauri. Ka riƙa sa bakanike ya auna tazarar bawul sau ɗaya a shekara, in ka ga ta salansa tana ta raguwa sannan ka nemi maganin maye gurbin dalma, ko ranar da aka buɗe kan injin a sa mazauni mai tauri a huta gaba ɗaya.

Babban abin da ke kwantar da masu fetur shi ne barin mai ya kwana a ciki tun daga kaka har wata damina. Da zafin nan namu na Maris da Afrilu, mai sauƙin tashi a cikin fetur ɗin ya gudu, saura ya zama kamar ƙaro ya toshe jet ɗin kafireta, ka buɗe ka ji wani wari kamar tsohon fenti. Gyaran ba wuya, ranar da ka gama aikin shekara ka rufe makunnin mai da ke ƙarƙashin tanki ka bar injin ya ci har ya mutu da kansa, sannan ka tsiyaye tankin ka zuba a mashin ko janareta. Fetur mai haɗin itanol ko metanol ya fi muni, yana jan ruwa daga iska yana cin tsohuwar roba da gaskit, wanda ya ga abin da gurɓataccen fetur mai metanol ya yi wa motoci a Fabrairun 2022 ya san me nake nufi. In tiyon mai ya yi laushi ko ya fara tsattsagewa canja shi kawai, kar ka naɗe da leda.

To yanzu mu zo kan masu shan gas, wato dizal, don su ne suka fi yawa a wajenmu, kuma a nan ne ake ta'adin da ya fi ciwo.

Na farko shi ne sirka gas da kananzir, ko sayen wanda aka riga aka sirka a jarka a bakin hanya don ya fi araha. Famfon injekta na MF 135 da 165, wannan mai juyawa na kamfanin CAV, ba shi da wani baƙin mai nasa daban, gas ɗin da ke ratsa shi shi ne ke sa masa santsi. Kananzir kuwa a bushe yake. Za ta tashi ta yi aiki kamar ba komai, kai kana murna ka rage kuɗi, ashe ciki ƙarfe na cin ƙarfe, bayan wasu watanni sai ta fara wahalar tashi in ta yi zafi, ƙarfi ya ragu, a ce maka sai an kai famfo gyara, kuɗin da za ka biya ya ninka abin da ka rage sau nawa. Ka ɗiga gas ɗin a yatsu ka murza, na kirki yana da ɗan maiƙo, kuma warin kananzir ba ya ɓuya. Gas na yanzu da aka rage wa farar wuta ma bai kai na da santsi ba, shi ya sa wasu ke ƙara man injin tu-sitirok mai tsabta, kamar rabin lita a lita 100, wannan ban ga laifinsa ba. Amma baƙin man da aka juye daga inji, don Allah a daina, cike yake da garin ƙarfe da toka, kai tsaye zai je nozul, bakin da ke fesa gas cikin inji.

Ruwa shi ne maƙiyin da ba a gani. Tankin da aka bari rabi da dare yana yin gumi daga ciki, raɓar ta gangara ta kwanta a ƙasa, daga nan sai tsatsa da wani baƙin yauƙi da ke toshe filta. Ka cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, ba da safe ba. Wannan 'yar kwalbar gilashin da ke ƙarƙashin tanki ko filta ba ado ba ce, kullum da safe ka leƙa, in ka ga ruwa ya kwanta ka zubar. Na taɓa ganin wata da aka cire kwalbar aka haɗa tiyo kai tsaye wai tana yoyo, alhali wata 'yar roba ce kawai ta mutu, damina ɗaya famfon bai ƙarasa ba.

Duro ma haka. An sauke shi daga mota yanzu, an girgiza komai, sai a zura tiyo har ƙasa a zuƙo. Bar shi ya kwana tukuna, ka ɗan karkata shi, ka ɗiba daga sama, lita biyar na ƙarshe ka bar su don wanke kayan aiki. Kar a aje gas a duro mai rufin zinki, yana narkar da shi ya kai cikin nozul. Mazurari kuma a sa masa rariya mai laushi, ba tsumman da ke zubar da zare ba.

Filta ta takarda ba a wanke ta da fetur a mayar, sabuwa ake sawa kafin kowace damina, ka ajiye ɗaya a akwatin kayan aiki. Bayan canjawa a fitar da iska da ɗan famfon hannu har sai kumfa ta daina fitowa, maimakon a yi ta murza kii har batir ya mutu.

Sai masu jiƙa tsumma da fetur su kara a bakin shaƙar iska, ko su fesa maganin tayar da inji da sanyin hunturu. Tana tashi kam, amma da wata irin ƙara mai ban tsoro, wannan dukan a kan ringi da fistan yake sauka. In tarakta ba ta tashi da safe sai da wannan, a duba hita ɗin da ke bututun iska, a duba batir da kan waya, a kai nozul a gwada feshinsu, in duk lafiya lau suke to a auna matsin injin.