Darasi na 9: Maƙoƙo da gwajin jini

Ki ɗora yatsu biyu a gaban wuyanki, ƙasa kaɗan da zakaran wuya. A nan akwai wata 'yar tsoka mai laushi da likitoci ke kira tayiroid. Ita ke fitar da sinadarin da ke tsara yadda jiki ke ƙona abinci ya samu ƙarfi. Idan ta kumbura ta fito fili, maƙoƙo ke nan. Amma takan samu matsala ba tare da wuya ya kumbura ba, kuma mata sun fi maza fama da ita nesa ba kusa ba.

Wani lokaci aikinta kan ragu. Sai mace ta riƙa tashi a gajiye, tana jin sanyi ko a watan Afrilu, tana ƙiba alhali ba ta ƙara ci ba. Bayan gida ya yi tauri, gashi na zubewa, jinin al'ada ya yi yawa. Ciki ma yakan ƙi shiga, ko a riƙa ɓari. Wani lokaci kuma aikin wuce kima yake yi: bugun zuciya da sauri, rawar hannu, gumi, rama ana tsaka da ci, har idanu su firfito.

Mai jego ta fi kowa shiga ruɗani, domin ciwon kan taso cikin shekarar farko bayan haihuwa. Sai a ce gajiyar raino ce, ko a yi ta sayen maganin taifod a kemis. Kuɗi ya tafi, ciwo na nan.

A asibiti likita zai tsaya bayanki, ya shafa wuyanki, ya ce ki haɗiyi ruwa. Sannan a ɗebi jini a auna TSH. TSH saƙo ne daga wata 'yar tsoka a ƙasan ƙwaƙwalwa zuwa ga tayiroid. Kamar uwa ce da 'yarta: in yarinya na da kiuya, sai uwa ta yi ta kira. Saboda haka TSH mai yawa yana nuna aikin ya ragu, in ya yi kaɗan kuma, aikin tayiroid ne ya yi yawa. Akan haɗa da gwajin T4, wato sinadarin da ita tayiroid ɗin ke fitarwa. Idan an ji ƙulli a wuya, sai a yi hoton sikanin, wani lokaci a tsotsi ɗan abin ciki da siririyar allura a duba.

Tayiroid ba ta aiki sai da wani sinadari mai suna aidin, shi ya sa ake zuba shi a gishirin leda. Ki riƙa rufe gishirinki, kada ya sha rana ko laima.

Aikin gida: Ki rubuta alamu 3 na raguwar aikin tayiroid. Ki duba ledar gishirin gidanku, ki kwafo abin da aka rubuta a kai, za mu karanta tare gobe in Allah ya kai mu.