Ga masu shirin zama a Alƙahira da ɗan guzuri

Salamu alaikum 'yan uwa. Kuɗin baƙo a Alƙahira wajen haya yake fara zurarewa, don haka kada ka biya ko sisi kafin ka ga ɗaki da idonka. Ka fara sauka wurin ɗalibanmu na Azhar, da yawansu suna unguwar Hayyul Ashir a Madinatu Nasr, su za su haɗa ka da dillalin kirki, wanda can ake kira simsar. Ka buɗe famfo, ka kunna hitar ruwa, ka tambayi kuɗin ajiya da na bawwab, wato maigadin bene, domin shi ma duk wata yana da nasa. Ni na yi gaggawa, sai da na tare na gane famfon hawa na biyar ba ya kawo ruwa sai tsakar dare.

Abinci kuwa da sauƙi. Ful (dafaffen waken can) da ɗa'amiyya da safe (ƙosai ne, na waken ful), koshari (haɗin shinkafa da taliya da wake) da rana, an gama. Amma ki ƙullo yajinki da kuka da daddawa, Hajiya, wata biyu kawai za ki fara mafarkin tuwo.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi tasi araha nesa ba kusa ba, kuma akwai taragon mata zalla. Layin waya da fasfo ake saya.

Kada sunan Masar ya ruɗe ka ka bar rigar sanyi a gida. Sanyin Janairu har cikin ƙashi yake shiga, tayil ɗin ɗaki kamar ƙanƙara.