Yadda Ake Tada Fractint a Kwamfutar Zamani

Fractint manhaja ce ta DOS, tsohon tsarin kwamfuta, da ta fito a 1988, tana zana fraktal irin su Mandelbrot da Julia, wato siffofin lissafi da kome ka kutsa cikinsu sai sabon ado ya fito. Windows 10 da 11 masu bit 64 ba sa buɗe manhajar DOS mai bit 16. Kada ka ɓata lokaci kan zaɓin dacewa da tsohuwar Windows, ba ya aiki a nan. Hanyar ita ce DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS a cikin Windows.

Sauko da DOSBox 0.74-3 da Fractint 20.04 ta DOS. Duka biyun ƴan megabait kaɗan ne, ba su cin forfe, kuma mutum ɗaya na iya raba wa sauran a kile USB. Buɗe dosiye C:\DOS\FRACTINT ka warware Fractint a ciki. Suna kada ya wuce harafi takwas, babu tazara, babu é ko è. Kada ka ajiye shi cikin Téléchargements.

A nan ne masu farawa a Damagaram suka fi tsayawa, kuma ba laifin Fractint ba ne. Mafi yawan kwamfutocinmu allon rubutunsu na Faransa ne, AZERTY, DOSBox kuwa sau da yawa na Amurka take ɗauka. Ka buga fractint ya fito frqctint. Ka danna M ya ba ka alamar ; a maimakonsa. Ka nemi : da \ ka rasa. Mutum sai ya ɗauka manhajar ce ta lalace, ya goge ya sake saukowa, alhali tana lafiya lau.

Maganin shi ne kada ka buga kome cikin baƙin allon DOSBox. Buɗe DOSBox 0.74-3 Options daga jerin manhajoji, fayil ɗin saiti zai buɗu a Bloc-notes. Nemo waɗannan layukan ka gyara su:

keyboardlayout=fr
machine=svga_s3
memsize=63
core=dynamic
cycles=max

Sannan ka gangara can ƙasa, ƙarƙashin sashen autoexec, ka rubuta:

mount c C:\DOS
c:
cd fractint
fractint

Ka lura C:\DOS aka haɗa, ba C:\ gaba ɗaya ba. Wanda ya haɗa faifan duka ya ba tsohuwar manhaja damar taɓa fayilolin Windows. Idan allon rubutu ya ci gaba da gardama, umarnin keyb fr yana gyara shi nan take, kuma babu harafin da ke rikicewa a cikinsa.

Saura yanayin allo. Tsofaffin bayanai za su ce ka danna maɓallan F domin zaɓar girman hoto. Ka bar su. DOSBox ta riƙe wasu wa kanta: Ctrl+F9 yana kashe ta ɗungurungum ba tambaya, Ctrl+F11 da Ctrl+F12 suna rage gudu da ƙara shi, Ctrl+F10 yana sakin linzami. Danna Suppr, jerin yanayoyi zai fito, ka zaɓi na VESA, 640x480 mai launi 256. Sai ya zana lafiya ka hau 1024x768. In allo ya yi baƙi, danna Échap ka zaɓi wani, tunda jerin cike yake da katunan hoto da suka ɓace tun tuni. Mai farawa da mafi girma ba zai gane ko yanayin ne bai dace ba ko lissafin ne bai ƙare ba.

Game da cycles=max, yana sa injin aiki iya ƙarfinsa. A zafin Afrilu da Mayu, ƙaramar kwamfutar da ƙura ta toshe wa fanka tana iya kashe kanta ana tsakiyar zane. Ɗaga ta daga katifa, ko ka rubuta cycles=max 70%. Saboda ɗaukewar wuta kuma, ƙara savetime=10 a layin ƙarshe na sashen autoexec, ya zama fractint savetime=10. Zai riƙa ajiye hoton duk minti 10, maɓallin R kuma ya dawo da shi ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Sauran ba wuya. T na zaɓar irin fraktal, Page Up na fito da akwatin kutsawa, Entrée ya zana. X na ba ka damar ɗaga yawan maimaici daga 150, wanda ya yi kaɗan in ka yi nisa. S na ajiye hoto a GIF da suna fract001.gif, da lissafinsa a ciki, don haka kada ka gyara na asali da wata manhaja, kwafi za ka taɓa. Ka zuba sabon fayil na PAR (saitin zane) ko FRM (tsarin lissafi) bai bayyana ba, danna Ctrl+F4. Masu Ubuntu su sa xfractint kai tsaye, ba sa buƙatar DOSBox.